Wa ya gwada koya wa 'yan mutawassiɗ (ƙaramar sakandare) kwamfuta ta hanyar haɗa gem?

Malam Habu, Jidda: Salamu alaikum jama'a. Ina koya wa yaran unguwarmu 'yan shekara 12 zuwa 14 kwamfuta bayan la'asar. Da na fara bayani a allo sai hamma. An ce in gwada manhajar Scratch, su riƙa haɗa gem da kansu. Wa ya taɓa?

Abla Rabi, Makka: Wa alaikumus salam Malam. Gwada, ba za ka yi nadama ba. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fito da shi a 2007, kyauta ne, akwai shi da Larabci, kuma ana sauke shi a yi aiki ba intanet. Ba a rubuta umarni, tubala ake ja a jona. Abin da ya ba ni mamaki lissafi ne. Filin wasan daga -240 yake zuwa 240 a kwance. Wata ɗalibata da lambobin ƙasa da sifili suka gagara a aji, da magen da ke cikin gem ɗinta ta riƙa tafiya hagu alhali dama take so, ta ƙura wa lambar ido, can ta ce, "Abla, wannan ɗan layin ne ke mayar da ita baya!" Ban ce mata uffan ba.

Abu Fahad, Madina: Ni uba ne, ba malami ba. Abla, ki yi haƙuri, nawa yaron zane kawai yake yi. Ya canza wa ɗan wasa riga, ya sa kiɗa, shi ke nan.

Abla Rabi: Gaskiyarka Alhaji, haka suke in an sake su. Ni sai gem ya yi motsi, ya ƙirga maki, ya san lokacin da aka faɗi, sannan nake barin a yi kwalliya. Makin nan shi ne ma'ajiyar lamba, faɗuwar kuma ita ce sharaɗin "idan kaza, to kaza". Sun koya ba su sani ba.

Ustaz Bashir, Riyad: Ku kula da masu kwafo. Ayyukan wasu a buɗe suke a shafin Scratch na intanet, yaro zai ɗauko ya ce nasa ne. Ni dai in ya kawo, sai in cire tubali ɗaya in ce gyara.

Malam Habu: Madalla. Kwamfuta huɗu gare ni, yara sun ninka haka. Ya zan yi?

Ustaz Bashir: Bibbiyu. Ɗaya na riƙe da linzami, ɗaya na faɗa, bayan minti goma su yi musanya. Kar ka haɗa wa da ƙane, faɗa za su yi.