Don Allah ku ba ni shawara, fim ɗin kura na neman ɓata mani aure

Mai Caji Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina da ɗan shago inda nike cajin waya da tura wa mutane fina-finai. Mafi yawan masu zuwa fassarar Indiya suke nema, amma ni tun ina sakandare abin da ya shiga raina shi ne fim ɗin mutumin da ke rikiɗa ya zama kerkeci in wata ya cika. Kuma ba manyan da aka kashe wa dukiya ba, ƙananan nan masu ƙaramin jari, waɗanda in ka zuba ido sosai har ɗinkin rigar dodon za ka hango. Na farko da na gani Dog Soldiers ne, na 2002, a gidan kallo, da kuɗin da Inna ta ba ni in sayo kalanzir. Sojoji ne aka ritsa a wani gida cikin dajin Sikotilan. Daga baya na gano ashe dodannin ba aikin kwamfuta ba ne, 'yan rawa ne aka sanya wa riga aka ƙara masu tsawon ƙafa, shi ya sa tafiyar tasu take da wani irin lanƙwasa mai tada tsigar jiki. Tun ranar na kamu. Yanzu ina da sun fi ɗari a kwamfutar shago, har da na wani ɗan Sifen, Paul Naschy, da ya fara nashi a 1968, mutumin da asalinshi mai ɗaga ƙarfe ne. To sai na ce mu ma ai muna da namu, tun muna yara ake ba mu labarin mutanen da ke rikiɗa su zama kura. Na sayi fatar akuya huɗu wurin majema, tela ya haɗa, na ɗiga mata baƙin fenti, haƙora na yanka daga farin bokitin roba, jini kuma zoɓo ne mai kauri da ɗan sitaci. Ɗan ƙanen babana ya sa rigar. Daren Alhamis muka fita ɗauka, abin da ya faru ya faru, yanzu magana ta kai gidan su yarinyar da zan aura, Alhaji ya aiko a dakata da kawo lefe. Mi zan yi? Kuma wanda ya san yadda ake ɗaukar wurin rikiɗa da waya ya taimaka, don saura shi kaɗai.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Ka cika mu da tarihin gidan kallo, ka tsallake inda maganar take. Mi ya faru daren Alhamis ɗin?

Mai Caji Ƙofar Ƙaura:
'Yan sintirin unguwa ne suka haske shi da tocila yana rarrafe bayan wani kango. Kafin in ƙaraso in yi bayani sun ɗan taɓa shi. Ba wani abu ba ne sosai, goshi ne ya fashe da yatsa guda.

Ɗan Daura:
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Allah ya ba yaro lafiya.

Tsohon Ɗan Masana'anta:
Ƙanena, saurara da kyau, shekara goma sha ɗaya na yi ina bin lokeshan a Kano, babu abin da ban gani ba. Kuskurenka uku ne. Ba a fita ɗaukar dare ba tare da an gaya wa mai unguwa ba, ko fim ɗin soyayya ne, balle ka saki mutum cikin fata a garin da kowa ke kwana da ido ɗaya saboda halin tsaro. Ka gode Allah gora ce a hannunsu. Na biyu, fim ɗin ban tsoro ba ya ciniki a ƙasar Hausa, mata ne kasuwa, su kuwa kishiya da uwar miji suke son gani. Na uku ma na manta, amma waɗannan sun isa. Ka ƙona rigar nan gaban shaidu, ka ɗauki kawunka ku je ku durƙusa gaban Alhaji, ka ce sharrin shaiɗan ne. Magana ta ƙare.

Mai Caji Ƙofar Ƙaura:
Yaya, na gode, amma ba sharrin shaiɗan ba ne, wata biyar na yi ina tsara abin. Kuma ba don ciniki nike yi ba. Rigar nan ita kaɗai sati uku ta ci, ba zan iya ƙona ta ba gaskiya.

Maman Biyu:
Ni dai wallahi ina bayan Alhaji. Maigidana irinku ne. Sai an yi sallar isha'i yara sun fara gyangyaɗi ya kunna wannan kukan karnukan, ya ƙure murya. Ƙaramin yanzu ko fitsari ba ya iya fita shi kaɗai, katifa biyu na shanya satin nan. In na yi magana ya ce roba ce, wai in duba bakin dodon ko motsi ba ya yi. To in roba ce mi kake kallo? Kuɗin data da yake zubawa da cefane ya ƙara da su da mun ga canji. Yarinyar nan Allah ne ya dube ta tun kafin ta shiga.

Ɗan Daura:
Hajiya, ai robar ita ce daɗin. Wanda aka yi da kwamfuta sumul yake kamar zanen yara, ba ka jin nauyinshi in ya taka ƙasa. Amma in mutum ne a ciki yana gumi, in ya bangaji ƙofa ka san an bangaje ta. Kuma ko ya lalace dariya za ka sha, ba ka yi asara ba. Akwai Howling na uku da aka yi a Ostareliya a 1987, dodannin har da aljihu a ciki irin na dabbar nan kangaru da ke saka ɗanta. Ni da abokaina mun kalle shi ya fi sau biyar, kowane karo sai wani ya faɗo daga benci. Mai Caji, batun rikiɗa kuwa, yi irin na mutanen da. A The Wolf Man na 1941 haka suka yi: ɗan wasan ya tsaya cak, a ɗauka kaɗan, a tsayar da kyamara, a manna gashi, a sake ɗauka, sannan a narkar da hotunan cikin juna. Ka kafe wayar a kan wani abu kada ta motsa ko kaɗan, ka sa alama inda kanshi yake. In hakan ya yi wuya, nuna inuwarshi a bango da hannu kawai, sauran ka bar wa kunne.

Tsohon Ɗan Masana'anta:
Kai Ɗan Daura, mutum aurenshi na rawa kana koya mashi manna gashi? Irinku ne ke zuga yara. Na ga wanda ya sayar da filin gado ya zuba a fim, furodusa ya cinye, yau acaɓa yake yi da mashin ɗin haya. Ni kaina akwai wanda ya riƙe mani kuɗin aikin fim biyu tun kafin korona, in muka haɗu a biki har rungume ni yake. Harkar nan ba ta da amana. Kuma tambaya ɗaya, Mai Caji: kuɗin fata da tela da fitila, daga ina?

Mai Caji Ƙofar Ƙaura:
Wannan ba ya cikin matsalar. Aro na yi daga wani abu da nike tarawa, kuma zan mayar kafin lokaci.

Maman Biyu:
Innalillahi. Kuɗin akwati ne ko? Ka faɗi gaskiya.

Mai Caji Ƙofar Ƙaura:
Ba duka ba, Hajiya. Atamfofin suna nan, an saya tun bayan ƙaramar salla. Na takalma da jaka ne kawai na taɓa. Kuma ita yarinyar ta san ina son irin waɗannan fina-finan, har na taɓa tura mata guda biyu, ta ce na farkon ya ba ta dariya.

Malamin Islamiyya:
Ɗana, ni ban ga alamar Alhaji don kuɗi ya dakatar ba. Ka san yadda mutanenmu suka ɗauki maganar rikiɗa. Wurin Bature wasa ne, kerkeci da harsashin azurfa da daren sha huɗu ga wata. Mu nan in aka ce wane yana zama kura, maita ake nufi, kuma tabo ne da kan bi zuri'a har a ƙi auren jikoki. Labarin da ya isa kunnenshi ba na fim ba ne, an ce mashi an kama yaron gidanku tsakar dare cikin fata, baki duk ja. Ka nemi dattijon da yake jin nauyinshi, ku tafi da rigar da bokitin da ka yanka da ragowar zoɓon, ya gani da idonshi da rana tsaka. Kada ka ƙona, in ka ƙona cewa za a yi ka ɓoye shaida.

Tsohon Ɗan Masana'anta:
Allah gafarta Malam, da girmanka, amma a kai wa suruki fatar kura har zaure? Ranar za a maido mashi da kuɗin gaisuwa. Ni na san mutane. A ƙona.

Baƙo Daga Maiduguri:
Mu a wajenmu ma akwai labarin, bultungin ake cewa da Kanuri. Ni dai in ka gama ka turo mini, zan kalla.

Baban Yara:
Har yanzu ba wanda ya tambayi yaron da aka fasa wa goshi. Wa ya biya kuɗin magani? Babanshi ya ce mi?

Mai Caji Ƙofar Ƙaura:
Ni na biya kemis. Baba ƙarami bai amsa gaisuwata ba tun ranar, amma shi yaron da kanshi ya ce zai sake sa rigar in yatsan ya warke, don shi ma yana so. Ku gane, minti tara na riga na ɗauka, kuma wallahi wurin da ya leƙo ta bayan kangon ya yi kyau fiye da wasu na Turawan da nike da su. Har ihun da ya yi lokacin da suka cim mashi ya shiga wayar, ban goge ba. Malam, shawararka ta kwanta mani, sai dai ina tunanin in bari sai na gama haɗa fim ɗin, sai a kai wa Alhaji ya kalla gaba ɗaya, zai fi fahimta.

Maman Biyu:
Wai Alhajin ne zai zauna kallon kura? Ni na tafi ɗora tukunya.

Tsohon Ɗan Masana'anta:
Ba ka zo neman shawara ba, ɗaurin gindi ka zo nema. Na cire bakina. Amma ka tuna na ce a ƙona.

Mai Caji Ƙofar Ƙaura:
Ɗan Daura, gam ɗin da ake manna gashin, wanne ne ba ya cin fata? Na masu gyaran takalmi da muka gwada ya tashi da girar yaron.