Wace kalma za mu ba jifan sofbol?

'Yan'uwa masu fassara labaran wasanni, tunda sofbol, wasan da aka fara a Chicago ta Amurka a 1887, zai dawo cikin gasar Olamfik ta 2028, ya kamata mu tsayar da sunan abin da Turawa ke kira "pitch", wato jefa ƙwallo ga mai duka, wanda ke jiran ya buge ta da sanda, kafin kowane gidan rediyo ya ƙago nasa.

Wurgi da cilli ba su dace ba, domin dukansu suna nuna yar da abu, alhali mai wannan aiki saiti take yi daga tazarar mita 13.11 a wasan mata, ko mita 14.02 a na maza. Saura jifa, sai dai Bahaushe in ya ji jifa, hannu yake hangowa sama da kafaɗa, kuma sakin ƙwallo daga can shi ne ainihin abin da dokar ta hana. Dole a sake ta daga ƙasan ƙugu, kuma wuyan hannu bai fi gwiwar hannu nisa daga jiki ba. A dokokin hukumar duniya ta WBSC, mai jifan za ta fara haɗa hannuwanta biyu ta tsaya cak na daƙiƙa 2 zuwa 5, sannan ta kewaya hannunta, kuma ba a yarda ta kewaya shi har sau biyu ba.

Saboda wannan kewayen nake ganin "jifan majajjawa" ya fi komai kama shi, don duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero zai gane motsin ba tare da bayani ba. Na san za a ce majajjawa ana wulwula ta sau da yawa, amma gajeren ƙarin bayani zai toshe wannan giɓin.

Laifin da Turawa ke kira "crow hop" kuwa, fassara shi da tsallen hankaka ba ta gaya wa mai sauraro komai. Abin da ke faruwa shi ne mai jifan ta ɗaga ƙafar da ta dogara a kanta daga allon jifa, wato wurin da ake tsayawa a yi jifan, ta dasa ta a gaba, ta sake yunƙurawa daga sabon wurin, ta haka ta rage tazarar. A kira shi "sake dasa ƙafa".

Wajen bambanta jifan da ya bi doka da wanda ya saɓa mata kuwa, ban goyi bayan "halastacce" da "haramtacce" ba, saboda nauyinsu na addini ya fi ƙarfin wasa. "Jifan ƙa'ida" da "ɓataccen jifa" sun isa, tunda na biyun alƙalin wasa yana ƙirga shi ne cikin jifan da suka kauce, waɗanda huɗu daga cikinsu ke kai mai duka zangon farko cikin zangunan da ake zagayawa don cin maki.