Wai ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai, ba za a tace shi mu amfana ba a Damagaram?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu sani. Na ji wai duk inda ake haƙo fetur ruwa na fitowa tare da man, wani lokaci ma ruwan ya fi man yawa. To mu da rani na kamawa sai robine ya ƙafe, 'yan garuwa su tsawwala kuɗin bido, ga kuma matatar mai ta SORAZ nan arewa da gari tun 2011. Ina wannan ruwan yake zuwa? Ba za a tace a turo mana ba ko na wanki ne?

Injiniyan Zango:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ruwa biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, na rijiyar mai da na matata. Wanda ke fitowa daga rijiyar mai ba ya ma isowa nan, can Agadem cikin jihar Diffa ake raba shi da man kafin man ya shiga bututu ya yi tafiyar sama da kilomita 400 zuwa matata. Kuma irin wannan ruwa ba ƙaramin aiki ba ne, ya jima ƙarƙashin ƙasa kwance da mai, yana ɗauke da maiƙo da sinadarin benzin mai jawo ciwon daji, a wasu wurare har da radiyom, wani sinadari mai fitar da tiririn nukiliya mai cutarwa, sannan gishiri, ruwan teku giram 35 ne a lita amma a wasu rijiyoyin duniya ana samun ninkin haka sau da yawa. Cire maiƙo da sauƙi, gishirin ne ke cin kuɗi da lantarki. Shi ya sa galibi mayar da shi ƙasa ake yi ya ƙara ingizo mai.

Uwar Biyu:
Tabɗi. Ni dai ko an tace shi sau goma ba ni ba yarana, bidon da aka taɓa zuba kananzir ma ba ya rabuwa da wari balle wannan.

Bako Mai Lambu:
Hajiya ai ba sai an sha ba. A Oman akwai wani filin mai da ake ce ma Nimr, hamada ce tsantsa kamar Tenere, sun shuka ciyawar fadama mai kama da kacalla a fili mai faɗi suna sako ruwan a hankali, ƙwayoyin halitta da ke jikin saiwa su cinye maiƙon, sauran ruwan ya tafi tafkuna ya ƙafe a kwashe gishiri. A Kaliforniya ta Amurka kuma, yankin Kern, shekaru da dama ana ban ruwan gonaki da shi bayan an tace an gauraya da ruwa mai kyau, amma fa nasu asali ba shi da gishiri sosai. Mu ma ko itatuwa aka raya da shi a Agadem ai an ci riba.

Injiniyan Zango:
Gaskiyarka Malam Bako, amma sai an auna a labo tukuna, in gishiri ya yi yawa shekara kaɗan gona ta koma fako. Ni abin da na fi gani ga Damagaram shi ne ruwa na biyu, wato na matata. Matatar da ke iya tace ganga 20,000 a rana ita ma ruwa take sha sosai, sanyaya injina, tururi, wanke gishirin ɗanyen mai, kuma can babu kogi sai na ƙarƙashin ƙasa. Duk litar da ta tace ta sake amfani da ita, lita ce da ba a jawo daga foraj ba. Garin nan kan dutse yake zaune, shi ya sa ake kawo mana ruwa daga Gogo Machaya da Aroungouza da Ganaram, rashin ruwa ma na cikin dalilan da Faransawa suka mayar da babban birni Yamai a 1926.

Ɗan Birni:
Na gode Injiniya, na gane. To wa ke da alhakin auna ruwan nan ya faɗa wa mutane sakamako, ma'aikatar ruwa ko ta muhalli? Ɗalibanmu na jami'ar André Salifou fa, ba mai ɗaukar wannan a matsayin bincikensa?