Majami'a tana cika, amma hali bai sake ba: ta ina ake farawa?

Habila

Salama gare ku cikin Ubangiji. Tambayata ga fastoci da dattawa ce. Ikilisiya tana da sujada kowace Lahadi, da ƙungiyar mawaƙa, da zumuntar mata da ta matasa, baiko kuma yana shigowa. Amma masu gaba suna nan da gabarsu shekara da shekaru, mai cin bashi ya ƙi biya yana nan a kujerar gaba. Yaya ake gane cewa ikilisiya tana yin aikin da aka kafa ta dominsa, kuma ta ina gyara yake farawa?

Fasto Ishaya

Ɗan'uwa Habila, ma'aunin yana cikin Afisawa 4:11-16. An ba da fastoci da masu koyarwa domin a shirya tsarkaka har su kai ga cikar Almasihu. Bulus bai ambaci yawan masu zuwa ba. Littafin rajista da akwatin baiko suna nuna wanda ya zo, ba sa nuna wanda ya sake.

Ka sauka zuwa aya 22 har 24, akwai matakai uku: a tuɓe tsohon hali, a sabunta tunani, a yafa sabon hali. Aya 28 ta ba da misali. Ɓarawo ya daina sata, ya kama aiki da hannunsa, har ya sami abin ba mabukaci. Yawancin wa'azi a matakin farko yake tsayawa, "ku daina, ku daina", shi ya sa mutum yake tuba a gaban bagade, bayan wata guda ya koma. Ba a ba shi abin da zai maye gurbin tsohon halin ba. Mai tsegumi, alal misali, aya 29 ba ta ce ya yi shiru kawai ba, cewa ta yi bakinsa ya koma gina mutane. Duk wa'azin da ya ambaci zunubi, ya kamata ya faɗi aikin da mai ji zai yi a madadinsa cikin wannan makon.

Dattijo Yunana

Baba Fasto ya faɗi gaskiya, sai dai wa'azi kaɗai ba ya wadatarwa, don daga mumbari ba a tambayar kowa komai. A 1742, a birnin Bristol na Ingila, mutanen John Wesley, mai wa'azin da ya kafa ɗarikar Methodist, sun raba kansu rukuni-rukuni na kusan mutum 12, da farko don tara kuɗin biyan bashin ginin da suke taruwa. Da shugabannin rukunan suka fara bin mutane kowane mako, sai suka ga abin da ba a gani ranar Lahadi: buguwa, faɗan gida, sanyin bangaskiya. Daga nan rukunin ya zama wurin tambayar kowa halin da ransa yake ciki, ana kuma sabunta takardar zama memba duk wata uku.

Wanda zai gwada irin wannan, kada rukuni ya wuce mutum 12. In ya wuce, uku za su riƙa magana, sauran su zama 'yan kallo. A haɗu kowane mako, awa ɗaya da rabi ya isa. A karanta nassi gajere, mai ayoyi kamar 10 zuwa 15, sannan kowa ya faɗi abu ɗaya da zai aikata. Mako na gaba, da wannan za a buɗe: ka yi ko ba ka yi ba? In aka cire tambayar nan, taron ya koma hira da muhawarar tauhidi, abin da Yakubu 1:22 ya kira yaudarar kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne shugaban rukuni ya mai da kansa ƙaramin fasto, ya yi wa'azin minti 40. Aikinsa tambaya da sauraro ne, ya kuma horar da mataimaki tun daga farko, bisa ga 2 Timoti 2:2.

Mama Rifkatu

Baba Dattijo, a ƙara da kashedi biyu. Na farko asiri. Maganar da aka faɗa a rukuni in ta fita sau ɗaya, ko da sunan "mu sa shi a addu'a" ne, ba wanda zai sake buɗe cikinsa. Furta zunubi irin na Yakubu 5:16 sai a cikin mutum uku ko huɗu, maza daban, mata daban. Amma a faɗa wa kowa tun ranar farko cewa dukan mace, ko cin zarafin yaro, ko barazanar kashe kai ba a rufe su. Ana kai su ga shugabanni da hukuma.

Na biyu, kada tambayar mako-mako ta zama ƙidayar ayyuka, wane ya yi azumi nawa, wane ya haddace aya nawa. Farisiyawa ma sun yi. Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa abubuwa tara, daga ƙauna zuwa kamun kai, kuma Ruhu ne yake haifar da su. Masu sanin ko sun fito su ne matar mutum, da 'ya'yansa, da yaron shagonsa.

Habila

Na gode, iyayena. To masu gabar fa, a jira sai rukuni ya kafu?

Fasto Ishaya

A'a. Matiyu 18:15-17 a bi shi daki-daki: wanda aka yi wa laifi ya je shi kaɗai, in ba a ji shi ba ya tafi da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kawo wa ikilisiya. Inda ake ɓata lamarin shi ne tsallake matakin farko, a kai ƙara gaban dattawa kai tsaye. Dattijon da aka kawo wa ƙara ya fara tambaya, "Ka same shi ku biyu?" In amsar a'a ce, ya sa masa rana ya je, ya kuma neme shi bayan ranar ya ji yadda suka ƙare.