Kyamara ɗaya ta isa ga hoto da bidiyo?

Aminu: Assalamu alaikum. Ni dai ina nan a kan bakana: duk wanda ya riƙe kyamara marar madubi ta ƙwararru a yau, ba ya buƙatar wata kyamarar bidiyo daban. Ku dubi Nikon Z8 da ta fito a 2023. Megafiksel 45.7 a hoto, 8K a bidiyo, duk a jiki ɗaya. Me kuma ya rage?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Aminu, wannan zancen tun 2008 muke jin sa, lokacin da Canon 5D Mark II ta zo da bidiyon 1080p, alhali ma da madubinta a ciki. Aka ce masu kyamarar bidiyo su tattara kayansu. Ga su nan har yau, kamfanonin ma ba su daina ƙera musu nasu ba.

Aminu: Malam, ai wancan zamanin fokas ɗin bidiyo da hannu ake murza shi. Yanzu kyamara ce ke kama idon mutum ta bi shi duk inda ya juya.

Zainab: Fokas kam an gama da shi, ba wanda zai ja da kai. Zafi fa? Da Canon ta fitar da R5 a 2020, ita da kanta ta ce 8K ɗin yana yin kusan minti 20 ne idan yanayi yana digiri 23, daga nan sai ta ɗau zafi ta tsaya, a jira ta huce. Digiri 23 fa, ɗaki mai sanyi ke nan. Ƙaramin jiki ne da aka toshe don kada ƙura da ruwa su shiga, to zafin sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, da na katin ajiya ta ina zai fita?

Aminu: Sun saki gyaran manhaja daga baya, lokacin ya ƙaru sosai.

Zainab: Ya ƙaru. Amma a 2022 sai ga R5 C da fanka a bayanta, kuma an cire mata na'urar da ke hana girgiza a cikin jiki. Sony ma ta ɗauki sensar kyamararta A7S III ta sa a kyamarar bidiyo FX3 a 2021, ta ƙara fanka da mariƙi mai ramin makirfo na XLR. In da ɗaya ta isa, me ya kai su wannan wahala, Yaya Aminu?

Kabiru: Ku bar ni in shigo ta wajen sensa, don a nan rigimar take. Mai hoto yana son fiksel da yawa, don ya yanke hoto ko ya buga shi babba. Bidiyon 4K kuwa fiksel miliyan 8.3 ne kacal a kowane firem, shi ya sa A7S III ta tsaya a megafiksel 12. Yawancin sensa layi-layi ake karanta su daga sama zuwa ƙasa, kuma in fiksel sun yi yawa karatun yana jan lokaci. Ka juya kyamara da sauri, sai ka ga turken fitila ya karkace, gini ya kwanta gefe. A hoto ba ka damu ba, a bidiyo ido ba ya yafewa. Ga Sony A7 IV ta 2021 mai megafiksel 33: hotonta sai san barka, amma da zarar ka sa 4K a firem 60 sai ta yanke sensar da ninki 1.5. Lens ɗinka na milimita 24 ya koma kamar 36. Kana ƙuntataccen ɗaki, bayanka ya riga ya taɓa bango, mutanen da ke gefe biyu sun fice daga firem, ba inda za ka ja da baya.

Aminu: Kabiru, ka zaɓo wadda ta dace da hujjarka. Z9 da Z8 sensarsu na karatu da saurin da ya sa Nikon ta cire shota mai motsi, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa, gaba ɗaya. Sony A9 III kuma, da aka sanar a ƙarshen 2023, tana karanta dukkan fiksel a lokaci guda. Karkacewa ta ƙare.

Kabiru: Ta ƙare, amma da me aka biya? A9 III daga ISO 250 take farawa, ba 100 ba (ISO ma'aunin yadda sensa ke jin haske ne, ƙarami ya fi ba da hoto mai tsabta), kuma megafiksel 24.6 ce. Mai ɗaukar wasanni zai yi murna, mai hoton fili da ke son ya ciro abin da ke cikin inuwa ba tare da yashi-yashi ba zai ɗan ɓata rai. Na yarda Z8 ta fi kowa kusa da abin da kake faɗa, wannan ba na musu.

Malam Sabo: Duk kun tsaya a cikin kyamara, kun manta da hannun da ke riƙe da ita. Bidiyo a firem 25 cikin daƙiƙa yana son shota a 1/50 na daƙiƙa, in ba haka ba motsi ya riƙa tsalle-tsalle. Da rana tsaka 1/50 haske ne mai yawa, dole ka ɗaura filtar ND mai rage haske a gaban lens, domin irin waɗannan kyamarorin ba su da ita a ciki kamar yadda kyamarar bidiyo ta Sony FX6 take da ita. To sai ga abin da ke buƙatar hoto a 1/1000 ya taso. Ka kwance filta, ka sa a aljihu, ka sauke makirfo daga saman kyamara ka ɗora filasha, don mazauninsu ɗaya ne. Kafin ka gama, wanda ya yi dariyar ya rufe baki. Taura biyu ba ta taunuwa, yaro.

Hauwa: Ina ta bin ku a hankali. Ni da nake shirin barin DSLR, wato kyamara mai madubi, wane gwaji zan yi kafin in yanke shawara?

Zainab: Ki kunna 4K a mafi ingancinsa ki bar ta tana ɗauka a yanayin da za ki yi aiki, har ta tsaya da kanta, sannan ki ga tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta sake yarda. Ki juya ta da sauri a gaban ƙofa ki duba karkacewa. Ki tabbatar tana da 10-bit: matakin haske 1,024 ne a kowane launi, maimakon 256 na 8-bit, kuma wajen gyaran launi za ki ga bambancin a sararin sama. Batir kuma ki shirya zuciyarki. A ma'aunin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara, Nikon D850 mai madubi hoto 1,840 take yi da caji ɗaya, A7 IV kuwa 520 in ana leƙawa ta ido.

Hauwa: Kai! Ashe da sauran magana.

Aminu: Kar su tsorata ki, ƙanwata. A aikace ana wuce adadin CIPA nesa ba kusa ba, kuma ana iya ba ta wuta ta USB-C tana aiki. Matsalar Malam ma tana da magani: ka riƙe jiki biyu iri ɗaya, ɗaya da filta da makirfo, ɗaya da filasha, lens da batir da launi duk su zo ɗaya.

Malam Sabo: Jiki nawa ka ce?

Aminu: Iri ɗaya na ce, Malam.

Malam Sabo: Na ji iri. Nawa na tambaya.