Shawa ta dijital marar waya ko mai bawul ɗin surka ruwa: wacce ta fi dacewa?

Mai Gyaran Gida:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina cikin gyaran banɗakin gidana, an riga an ɓamɓare tsohon tayil, kuma mai aikin famfo yana jiran in yanke shawara kafin ya binne bututai a bango. Zaɓi biyu ne a gabana: shawa ta dijital wadda ake sarrafawa da rimot marar waya, da kuma irin wadda aka saba da ita, mai bawul ɗin da ke surka ruwan zafi da na sanyi. Abin da ya sa na tsaya dogon tunani shi ne mahaifiyata tana zaune tare da mu, ciwon gaɓoɓi ya sa yatsunta ba sa iya murɗa abu mai tauri, ga kuma ƙananan yara biyu da nake tsoron ruwan zafi ya ƙona su. Ruwanmu daga tanki yake saukowa, wanda bai fi mita 3 sama da kan shawar ba. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su ba ni shawara.

Tsohon Mai Aikin Famfo:

Wa'alaikumussalam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Da farko ya kamata a san cewa babu ɗaya daga cikin biyun da ke dafa ruwa da kanta, domin dukkansu suna karɓar ruwan zafi ne daga hitarka su surka shi da na sanyi. Bambancinsu yana wurin da ake surkin da kuma abin da ke yin sa. A ta dijital akwai wani akwati da ake ɓoyewa a cikin silin ko a kabad, wanda ke ɗauke da na'urar auna zafi da ƙananan bawul masu motsi da lantarki, daga nan bututu guda ya kawo ruwan da aka surka zuwa kan shawa. Kamfanin Aqualisa na Birtaniya ya fitar da irinta tun 2001, don haka ba sabon abu ba ne da za a ce ba a gwada shi ba.

Sai dai ina ganin akwai abin da ya ɓuya a tambayarka, wato bawul ɗin surki iri biyu ne. Akwai na hannu zalla, wanda da zarar wani ya buɗe famfo a wani ɗaki, ruwan sanyi ya ragu, sai mai wanka ya ji zafi ya dake shi a baya. Wannan kam kada ka sa shi a gidan da ke da tsohuwa da yara. Akwai kuma mai daidaita zafi da kansa, wanda ke da ɗan curin kaki a cikinsa: idan ruwa ya yi zafi sai kakin ya kumbura ya matse hanyar ruwan zafi, idan ya huce sai ya koma ya buɗe ta, idan kuma ruwan sanyi ya ɗauke gaba ɗaya sai ya rufe shawar cikin 'yan daƙiƙoƙi. Galibinsu suna da maɓallin da ke tsayar da murɗawa a digiri 38, ba a wuce nan sai an danna shi da gangan. Wannan yana da muhimmanci, domin ana so a ajiye ruwan hita a wajen digiri 60 saboda kashe ƙwayoyin cuta, alhali ruwa mai wannan zafin yana ƙona fatar yaro cikin ƙiftawar ido. Ke nan ta fuskar kariya daga ƙuna, mai kakin nan yana yin aikin da ta dijital ke yi ba tare da lantarki ba.

Abin da zai fi ba ka wahala shi ne ƙarfin ruwa. Tsayin mita 10 ne ke ba da kusan "bar" 1, wato ma'aunin matsin ruwa, don haka naka tankin bai wuce "bar" 0.3 ba, kuma bawul da yawa ba sa sakin ruwan kirki a wannan matsin. Ko dai ka nemi wanda aka rubuta a kwalinsa cewa yana aiki da ƙaramin matsi, ko ka haɗa masa injin tura ruwa, ko kuma ka ɗauki ta dijital mai injin a cikin akwatinta, wadda aka ƙera musamman domin ruwan tanki.

Uwar Biyu:

Malam, ni da ta dijital nake amfani, kuma gaskiya ba zan ɓoye alherinta ba. Mahaifina ya yi shekarunsa na ƙarshe a wurina, kuma abin da ya fi sauƙaƙa mana shi ne rimot ɗin yana maƙale kusa da ƙofa, nesa da inda ruwa ke zuba. Sai in danna maɓalli, fitilar ta yi ta ƙiftawa har ruwan ya kai ɗumin da muka saita, sannan ta tsaya cak, a lokacin ne zan riƙo hannunsa mu shiga. Bai taɓa shan ruwan sanyin farko ba, bai kuma taɓa murɗa komai ba. Ana iya ƙayyade iyakar zafin da ba za ta wuce ba, wanda ya kwantar mini da hankali game da yara.

Amma a shekara ta shida akwatin ya daina aiki, garanti ya ƙare, kuma na kamfanin da ya ƙera ta ne kaɗai zai shiga wurin. Mun yi kusan mako biyu muna jiran sabo, ga shi wanda ya sa mana ita bai bar ƙofar dubawa a silin ba, sai da aka yanka. Idan ka zaɓe ta, ka tabbata hannu zai iya kai wa ga akwatin da matatunsa.

Ma'aikacin Lantarki:

Ƙarin bayani kaɗan, Malam. Kalmar "marar waya" tsakanin rimot da akwati kawai take nufi. Rimot ɗin da batir yake aiki, amma akwatin dole a jona shi da wutar gida, ta hanyar na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30, kuma ƙwararre ne ya kamata ya yi aikin. Idan wuta ta ɗauke, shawar za ta tsaya ko da sabulu a jikin mutum, haka nan injin tura ruwa idan ka haɗa shi da bawul. Bango mai kauri kuma yana rage nisan da rimot ke kamawa, don haka a gwada kafin a rufe silin.

Mai Gyaran Gida:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Ban san akwai bambanci tsakanin bawul na hannu da mai kaki ba sai yau. Labarin fitilar nan ya taɓa ni, Uwar Biyu, amma mako biyu babu shawa ba abu ne da mahaifiyata za ta iya jurewa ba. Na karkata ga mai daidaita zafi wanda ke aiki da ƙaramin matsi. Saura batun yatsunta, ko akwai mafita?

Tsohon Mai Aikin Famfo:

Akwai, Malam. Ka nemi mai dogon hannu da ake turawa da tafi ko gwiwar hannu, maimakon mai zagaye da ake murɗawa. Ka zaɓi wanda ke zama a kan bango, ba wanda ake binnewa ba, domin tazarar bututansa biyu milimita 150 ce a yawancin kamfanoni, ko ya lalace za a kwance shi a ɗaura wani ba tare da fasa tayil ba. Ka tambayi wanda jikinsa ba ya ɗaukar zafi saboda yara, sannan ka ce wa mai aikinka ya dasa shi a gefe kusa da mashiga, yadda Hajiya za ta buɗe ruwan ta jira ya yi ɗumi kafin ta shiga ƙarƙashinsa.