Shirya na'urori kafin tafiya ƙasar waje a jirgi

Abin da matafiya suka fi jaddadawa shi ne batir. Power bank da batiran ajiya na lithium a jakar hannu ake sa su, ba a akwatin da za a auna ba, domin idan suka kama da wuta ma'aikatan jirgi za su gani da wuri. Batir mai ƙarfi har zuwa 100Wh (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) galibi ba matsala. Daga nan zuwa 160Wh sai da izinin kamfanin jirgi. Wannan kam kada a yi sakaci da shi.

Kwamfuta ma ta fi aminci a hannu, kuma a sa ta inda za a ciro da sauri wurin bincike. A tafi da adafta, tunda soket ɗin Ingila daban yake da na Amurka.